Kwalejin al'umma a Amurka: me ya sa wani ɗalibi ke yabon ma'aikata, wani kuma ke kuka da su?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Bronx ne a birnin New York, tasi nake tuƙawa. 'Yata ta iso daga gida bara da katin zama na dindindin, tana da sakamakon WAEC, burinta ta zama nas. An ce mu fara da kwalejin al'umma saboda sauƙin kuɗi. To amma labarin da nake ji a masallaci ya kasu biyu. Yaron wani abokina ya ce ma'aikatan ba su damu da kowa ba, wannan ofis ya tura ka wancan, malami kuma da ya gama darasi ba ka sake ganinsa. Wata yarinya kuma ta ce ba ta taɓa ganin makaranta mai gata irin wannan ba, har kwamfuta aka ba ta aro. Wanne ne gaskiya, kuma wane shiri ya kamata mu yi?"

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya yi wa yarinya albarka. In na fahimce ka, abu biyu kake son sani: ko ma'aikatan waɗannan kwalejoji suna kula da ɗalibi, da kuma ko kayan aikin da ake faɗa akwai su da gaske. Yaron bai yi ƙarya ba, yarinyar ma ba ta yi ba, kuma ba mamaki a makaranta ɗaya suke. Abin da ya fi raba irin waɗannan labarai biyu shi ne watan da ɗalibi ya fara zuwa ofis, da ofishin da ya nufa, da kuma ko yana cikin wani shiri da ya ware masa mutum guda mai kula da shi. Duk ukun nan a hannunku suke tun yanzu.

Yadda aka gina makarantar

Kwalejin al'umma makarantar gwamnati ce ta shekara biyu. Wadda ta fi daɗewa a cikinsu ita ce Joliet Junior College a jihar Illinois, an buɗe ta a 1901. A 1947 wani kwamiti da Shugaba Truman ya kafa ya ba da shawarar a yawaita irinsu kusa da gidajen mutane, kuma a shekarun 1960 suka bazu ko'ina. Yau sun kai wajen dubu. A birnin New York guda bakwai ne a ƙarƙashin jami'ar birni, wato CUNY, biyu daga ciki a Bronx: Bronx Community College da Hostos.

Ƙa'idarsu ita ce ƙofa a buɗe. Duk mai shaidar gama sakandare za a ɗauke shi, babu tankaɗe da rairaya irin na JAMB. Wannan alheri ne, amma yana da farashi. Kuɗin da suke kashewa a kan kowane ɗalibi bai kai na jami'o'in shekara huɗu ba, alhali ɗalibansu sun fi buƙatar taimako. Fiye da rabin ɗaliban ba sa ɗaukar cikakken zango, da yawa magidanta ne masu aiki da 'ya'ya, kuma galibin kwalejojin ba su da ɗakin kwana. Mutum ya zo darasi, ya kama jirgin ƙasa ya wuce wurin aiki.

Inda yaranmu suka fi tuntuɓe shi ne a nan. A gida 'yan aji ɗaya tare suke tafiya daga shekarar farko zuwa ta ƙarshe, jadawali ɗaya ne a manne a allo, kuma ko ka yi barci wani zai gaya maka an sa ranar jarrabawa. A nan kowa shi ke haɗa jadawalinsa. Wanda kuka zauna tare a darasin lissafi ba lallai ku sake haɗuwa ba. Duk sanarwa ta imel ɗin makaranta take zuwa, kuma a wurinsu da an tura an gaya maka ke nan. Ɗalibin da bai buɗe wannan imel ba tsawon mako biyu zai rantse ba wanda ya faɗa masa komai.

Ofisoshin da ake kuka da su

Mafi yawan ƙorafin da muke ji a kan ofisoshi huɗu yake: na ɗaukar ɗalibai, na rijista, na tallafin kuɗi, da na karɓar kuɗi. Kwamfutocinsu a haɗe suke amma ikonsu a rabe yake. Kowanne yana iya sa wa ɗalibi takunkumi a shafinsa, kuma wanda ya sa shi kaɗai ke iya cirewa. Ma'aikacin da ya ce maka "ba nan ba ne" sau da yawa gaskiya ya faɗa, ba shi da maɓallin. Tsarin ya yi kama da babban asibitin gwamnati: likitan yana ciki kuma ya iya aikinsa, amma sai ka san layin yankar kati da ƙarfe nawa ake rufe shi.

Ga yadda ƙaramin abu ke zama babba. Dokar jihar New York ta ce ɗalibin da aka haifa daga 1957 zuwa sama, in zai ɗauki kiredit 6 ko fiye (kiredit shi ne ma'aunin nauyin darasi, kusan awa ɗaya ta aji a mako), sai ya kawo shaidar rigakafin ƙyanda da hangum da rubela. Yarinya ta zo daga gida ba kati, sai ofishin lafiya ya sa takunkumi, rijista ta tsaya. Kafin ta yi gwajin jini ko ta karɓi allurar, gurabe sun cika a darussan da take buƙata. Ta tashi da kiredit 9 maimakon 12, tallafin da aka lissafa mata ya ragu, sai ga bashi a shafinta, bashin kuma ya jawo wani takunkumin. Ta zaga ofis huɗu, kowa ya tura ta gaba, alhali tushen abin takarda ɗaya ce da za a iya gamawa da ita tun watan Mayu.

Saboda haka lokaci shi ne rabin maganin. Zangon kaka a ƙarshen Agusta yake farawa, kuma daga tsakiyar Agusta zuwa makon farko na Satumba layi kan kai bakin ƙofa, waya ba mai ɗauka, ma'aikata a gajiye. Wannan ma'aikacin da kansa, in ka je masa a Afrilu ko Yuni, zai zauna da kai rabin awa. Duk inda ta je ta rubuta sunan wanda ta gani da ranar, ta nemi a tabbatar mata da maganar ta imel, kuma kada ta bar asalin takarda a hannun kowa sai kwafi.

Akwai takardu uku da suka shafi 'yarka kai tsaye. Ta farko shaidar zama. A 'yan shekarun nan mazaunin birnin yana biyan dala 2,400 a zango in yana cikakken karatu, wanda ba a ɗauke shi mazauni ba kuma dala 320 kan kowane kiredit, wato ninki biyu in ya ɗauki 15. Sharaɗin shi ne wata 12 a jihar, shida na ƙarshe a cikin birnin. Katin zama kaɗai ba ya wadatarwa, sai da takardun da ke nuna adireshi da kwanan wata, irin su yarjejeniyar haya, takardar haraji, wasiƙun banki. Tunda bara ta iso, ku ƙirga watannin da kyau. In saura wata ɗaya ko biyu su cika, jinkirta farawa zuwa zangon Janairu na iya fi muku sauƙi.

Ta biyu fom ɗin FAFSA, wanda shi ne ƙofar tallafin gwamnatin tarayya. Mai katin zama ya cancanta. Tallafin Pell ba bashi ba ne, kuma mafi yawansa a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025 dala 7,395 ne, ya danganta da samun gida. In ba ta kai shekara 24 ba kuma ba ta yi aure ba, sai an sa bayanan harajinka na shekara biyu baya, kuma kai ma sai ka buɗe naka shafin ka amince. Masu aikin kansu irin tuƙin tasi su tanadi cikakkun takardun harajinsu, domin in aka zaɓi fom ɗin don tantancewa, abin kan ci makonni, kuma ko sisi ba ya fita sai an gama.

Ta uku ita ce wadda mutanenmu suka fi rashin sani. Jihar New York tana da nata tallafin mai suna TAP, amma wanda ya gama sakandare a wata ƙasa sai ya ci wata gajeriyar jarrabawa ta karatu da rubutu da lissafi da ake kira ATB, kuma tana da wa'adi a farkon zango. WAEC ta isa a ba ta gurbi, ba ta isa a ba ta TAP ba. Ta tambayi ofishin jarrabawa ranar da za ta zauna tun ranar da aka ɗauke ta.

Mai ba da shawara

A nan ne, a ganina, ƙorafin ɗalibai ya fi gaskiya. A tsarin gama-gari jami'in shawara ɗaya yana riƙe da ɗaruruwan ɗalibai, kuma wanda ka gani yau ba lallai shi za ka gani a zango mai zuwa ba. Minti goma sha biyar zai ba ka, ya duba gurbin da ya rage ya sa ka. Ba mugunta ba ce, amma sakamakon ɗaya ne: ɗalibi ya ɗauki darasin da ba ya cikin kwas ɗinsa, ya ɓata wata huɗu, tallafi kuma ba ya biyan darasin da digirin bai buƙata ba.

CUNY ta san da wannan, shi ya sa ta kafa shirin ASAP a 2007. Ɗalibin da ya shiga yana samun jami'i guda da zai riƙe shi har ya gama, da katin jirgi da bas, da taimakon kuɗin littattafai, da cike giɓin kuɗin makaranta ga mai samun tallafi. Shi kuma ya yi alkawarin cikakken karatu da zuwa ganawa a kai a kai. Cibiyar bincike ta MDRC ta gwada shirin ta hanyar ƙuri'a a kwalejoji uku, ta fitar da sakamako a 2015: kashi 40 cikin ɗari na 'yan shirin sun gama cikin shekara uku, sauran kuma kashi 22. Gini ɗaya, malamai ɗaya, laburare ɗaya. Ina kyautata zaton yarinyar da ta yaba maka makarantar tana cikin irin wannan shiri. Akwai makamantansa, kamar College Discovery da shirin TRIO na gwamnatin tarayya. Kowanne yana da sharuɗɗansa, wasu ba a shigarsu sai a farkon karatu, kuma ba kowane kwas ASAP ke karɓa a kowace kwaleji ba, don haka mai son aikin jinya ta tambaya takamaimai.

Wani lissafi da ba kowane jami'i ke tsayawa ya yi wa ɗalibi ba: digirin kiredit 60 ne a ƙalla. Kiredit 12 a zango shi ake kira cikakken karatu, amma 12 sau huɗu 48 ne. Mai son gamawa cikin shekara biyu sai ya ɗauki 15, ko ya cike da darussan bazara. Kuma kowace awa ɗaya ta aji ana sa ran awa biyu ta karatu a gida, wato kiredit 12 aikin awa 36 ne a mako. Wanda ya ɗora aikin awa 40 a kai, dare ɗaya ne zai biya bashin duka biyun.

Malamai

Maganar yaron cewa malami na ɓacewa bayan darasi tana da tushe. Fiye da rabin masu koyarwa a waɗannan kwalejoji malaman kwantiragi ne, ana biyan su darasi-darasi, wasu suna koyarwa a makarantu biyu ko uku a rana ɗaya, kuma da yawa ba su da ofis na kansu. Wannan bai sa sun gaza ba. Wasunsu da rana nas-nas ne ko akantoci ko injiniyoyi, kuma sun fi kowa sanin abin da ake nema a wurin aiki. Sai dai samunsu a wajen aji sai ta imel ko minti goma kafin darasi. Malaman dindindin kuwa suna da awannin ganawa a kowane mako, ƙofa a buɗe, kuma abin takaici shi ne yawanci su kaɗai suke zaune. Ajin ma bai cika wuce mutum talatin ba, saɓanin zauren ɗaruruwa na manyan jami'o'i, don haka malami zai san sunanta in ta bari.

Tarbiyyarmu a nan tana iya cutar da yaro ba tare da ya sani ba. Sunkuyar da kai da yin shiru a gaban malami ladabi ne a wurinmu. Shi kuwa malamin yana ganin ko ba ta karanta ba ne, ko ba ta damu ba, kuma a darussa da yawa magana a aji tana da makinta. Ka gaya mata da bakinka cewa ka yarda ta ɗaga hannu, ta tambaya, ta ce ba ta gane ba. Jin hakan daga uba ya fi jin sa daga wurinmu tasiri.

Ranar farko kowane malami zai ba da silabas, takardar da ta ƙunshi rabon maki, ranakun jarrabawa, hukuncin makara da na fashi. Ita ce hujja in rigima ta taso. Maki a nan tarawa ake yi tun makon farko daga aikin gida da ƙananan gwaje-gwaje, jarrabawar ƙarshe wani yanki ce kawai, don haka dabarar kwana a kan littafi ana gobe jarrabawa ba ta ceton kowa. Sai batun kwafe. Ɗauko jimlolin wani daga littafi ko intanet ba tare da faɗin inda aka samo ba laifi ne babba a wurinsu, haka ba abokinka aikinka ya duba ya kwafa, kuma kowane malami yana da nasa hukuncin kan amfani da ChatGPT da ire-irensa. Hukuncin yana farawa daga sifili a aikin, yana iya kai wa ga kora.

Shafin Rate My Professors, inda ɗalibai ke rubuta ra'ayinsu kan malamai suna ba su taurari, yana da amfani in an iya karanta shi. Masu rubutu a can galibi ko sun ji haushi ƙwarai ko sun ji daɗi ƙwarai. A bar taurarin, a nemi maganar da ta maimaitu a bakin mutum biyar ko shida, kamar "ba ya mayar da aiki da wuri" ko "jarrabawarsa daga abin da ya koyar take fitowa".

Kayan aiki

Wannan ɓangaren ya fi sauƙi, domin akwai su kuma an riga an biya kuɗinsu. Laburare yana ajiye kwafin littattafan darasi da ake aro na awa biyu a karanta a ciki, yana ba da aron kwamfutar tafi-da-gidanka a kwalejoji da yawa, amma adadinsu ƙayyadadde ne, makon farko suke ƙarewa. Kada ta sayi littafi kafin ta shiga aji. Wasu malaman suna amfani da littattafan kyauta irin na OpenStax na Jami'ar Rice, wasu kuma suna buƙatar lambar shiga shafin Pearson ko McGraw Hill inda ake yin aikin gida, kuma tsohon littafin da aka saya a hannun wani an riga an cinye lambarsa.

Cibiyar ƙarin darasi da cibiyar rubutu kyauta ne. Su ne abin da ya fi kowane amfani kuma aka fi ƙauracewa, saboda yaranmu suna ganin zuwa can tallan kasawa ne. Waɗanda suka fi zuwa su ne masu neman A, wato maki mafi girma. Ta riƙa zuwa da aikin a hannu kwana uku kafin wa'adi, domin ba gyara mata za su yi ba, nuna mata za su yi ta gyara.

Gine-gine kuwa haɗe suke, tsoho da sabo. Harabar Bronx Community College, alal misali, ta Jami'ar New York ce a da, kwalejin ta koma can a 1973, akwai gine-ginen da suka haura shekara ɗari, akwai kuma sabon laburaren da aka buɗe a 2012. A kwalejoji irin waɗannan ko'ina a ƙasar, ƙorafin da aka saba ji shi ne lif ya lalace, ɗaki ya yi zafi ko sanyi, wurin ajiye mota ya cika, kantin abinci ya rufe kafin masu darasin dare su iso. Masu darasin dare da na Asabar su ne suka fi cutuwa, don yawancin ofisoshi ƙarfe biyar suke tashi sai rana ɗaya ko biyu a mako. Ɗakin gwaje-gwajen kimiyya kujerunsa ƙidayayyu ne, wajen ashirin da 'yan kai, kuma ba a ƙara ko ɗaya saboda dokar kariya. Mai son aikin jinya ta yi rijistar darasin ilimin jikin ɗan'adam a ranar da aka buɗe mata rijista, da safe.

Tun 2018 jihar ta wajabta wa kwalejojinta na gwamnati su tanadi rumbun abinci ko makamancinsa ga ɗalibai mabuƙata. Akwai ofishin masu lalura ta musamman, akwai masu ba da shawara kan damuwa a asirce, akwai wurin renon yara mai dogon layin jira. Kan tsaro, dokar Clery ta 1990 ta tilasta wa kowace kwaleji ta buga rahoton laifuffukan da aka yi a harabarta kowace shekara zuwa 1 ga Oktoba, yana shafinsu na intanet, kana iya karantawa da kanka. Jami'an tsaro a kwalejoji da yawa suna raka ɗalibi zuwa bakin ƙofa da dare in ya kira.

Batun salla: yawancin kwalejojin birnin suna da ɗakin ibada na kowa da kowa ko ɗakin ƙungiyar ɗalibai Musulmi, ofishin harkokin ɗalibai ne ke nuna shi. Hijabi ba matsala ba ne, sai dai a ɗakin gwaje-gwaje za a ce a cusa gefensa cikin rigar kariya saboda wuta da sinadarai. Sashe na 224-a na dokar ilimin jihar ya ba ɗalibi haƙƙin a sake masa ranar jarrabawa ko aiki in ya yi fashi saboda addini, kuma a 2024 hukumar CUNY ta amince da sanya ƙaramar salla da babba cikin ranakun hutu. Duk da haka ta rubuta wa malami tun farkon zango, kada ta bari sai ranar ta wuce.

Janyewa daga darasi

A nan ake asarar kuɗi mafi yawa. Daina zuwa aji ba janyewa ba ne. Sai an shiga shafi an janye a hukumance, in ba haka ba kuɗin yana kanka kuma sakamakon zai ɓaci. A CUNY wanda ya janye kafin ranar farko ba ya biyan komai, a makon farko ana mayar da kashi 75, na biyu 50, na uku 25, daga nan babu. Bayan haka janyewa tana barin harafin W a takardar sakamako. W ba ya taɓa GPA, wato matsakaicin makin ɗalibi, amma yana taɓa tallafi, domin ci gaba da samun Pell yana buƙatar GPA da ya kai wajen 2.0, da cin wani kaso na darussan da aka ɗauka, wanda a makarantu da yawa kashi biyu cikin uku ne, da gamawa kafin a ɗauki ninki ɗaya da rabi na kiredit ɗin digirin. Wanda kuma ya janye daga dukkan darussa kafin kashi 60 na zango ya wuce, za a nemi ya mayar da wani ɓangare na tallafin. Kafin ta janye daga komai ta fara zuwa ofishin tallafi ta tambayi abin da zai biyo baya.

Aikin jinya da wucewa jami'a

Samun gurbi a kwalejin ba samun gurbi a sashen jinya ba ne. Za ta fara da darussan share fage, Turanci, ilimin halayyar ɗan'adam, lissafi ko kimiyyar sinadarai, da ilimin jiki, sannan ta nemi shiga, a wurare da yawa har da jarrabawar TEAS ko makamanciyarta. Gurabe kaɗan ne domin asibitocin da ake koyon aiki ba sa ɗaukar mutane da yawa, kuma sassa da dama suna ƙayyade sau nawa za a maimaita darasi. C ɗaya a ilimin jiki tana iya rufe ƙofar. Shawarata kada ta haɗa darussan kimiyya biyu masu nauyi a zangonta na farko. In ta gama za ta zauna jarrabawar NCLEX ta samu lasisi, sannan dokar jihar ta 2017 ta ba sabon nas shekara 10 ya kammala digirin farko na jami'a, wanda akan yi shi ana aiki.

In ta canza ra'ayi ta nufi jami'a kai tsaye, ta lura da nau'in digirin. Digirin kwalejin da ake kira AA da AS don wucewa jami'a aka tsara su, wanda ake kira AAS kuma don shiga aiki, kuma ba duk darussansa ke bin mutum ba. Ofishin binciken majalisar dokokin Amurka, GAO, ya ƙiyasta a 2017 cewa masu canza makaranta suna asarar kimanin kashi 43 na kiredit ɗinsu. A cikin CUNY abin ya fi sauƙi saboda tsarin Pathways na 2013 ya sa kiredit 30 na darussan gama-gari suna wucewa tsakanin kwalejojinta, kuma shafin Transfer Explorer yana nuna yadda kowace kwaleji za ta ƙirga kowane darasi.

Duk alƙaluman da na kawo na New York ne, kuma kuɗi da wa'adi suna sauyawa daga shekara zuwa shekara. Kundin dokokin kwalejin da kalandar zangon su ne abin dogaro. Abin da ya shafi katin zamanta, kamar doguwar tafiya gida a tsakiyar karatu, wannan na lauyan shige da fice ne, ba na ma'aikacin makaranta ba.

Naka rabon, Alhaji

Akwai abin da kan ɓata wa iyayenmu rai, gara ka ji shi tun yanzu. Dokar FERPA ta 1974 ta ce da zarar yaro ya shiga kwaleji, bayanan karatunsa nasa ne. Ko kai ke biyan kuɗin, in ka je ofis ka tambayi makinta ko bashinta za a ce ba za a iya gaya maka ba. Ba raini ba ne, ma'aikacin aikinsa yake karewa. Akwai fom da za ta sa hannu a ofishin rijista ta ba ka izini, ku cike shi tare tun farko. Kana iya raka ta ofis, amma ita za a kalla ita za a tambaya, don haka ka bar ta ta yi magana. Kyauta ga ma'aikaci ko malami, ko ta goro ce, a bar ta. Wasiƙar godiya ta imel ta fi amfani, musamman ranar da za ta nemi wani ya rubuta mata takardar shaida.

In kuma aka zalunce ta da gaske, akwai matakai kuma suna aiki in an bi su a jere. Kan maki, malamin za ta fara rubuta wa, da silabas da ayyukan da aka mayar mata a hannu, sannan shugaban sashe, sannan kwamitin ɗaukaka ƙara, kuma akwai wa'adin da in ya wuce ba a saurare. Kan ma'aikacin ofis, daraktan ofishin, sannan shugaban harkokin ɗalibai. Cin zarafi ko tsangwama ta jinsi tana da jami'inta na musamman a ƙarƙashin dokar Title IX ta 1972, wariya saboda addini ko asali kuma ofishin daidaito ake kai wa. Takardar ƙorafi ta zama gajeriya: ranar da abin ya faru, wanda aka yi magana da shi, abin da ya ce, dokar da aka saɓa, da abin da take so a yi mata. Ta tura daga imel ɗin makaranta, ta ajiye kwafi, in mako ɗaya ya wuce shiru ta sake turawa ta haɗa da na gaba da shi.